Kyamarar da Muka Saya Sau Biyu

Mu uku ne, 'ya'yan wa da ƙani, biyu a Birnin Kudu, ɗaya a Gwaram. Shekarar da muka gama sakandare muka haɗa kuɗin aikin gona da na barka da Sallah don mu sayi kyamara, tunda wayoyinmu na lokacin in ban da tocila ba abin da suka iya. Burinmu bai wuce mu ɗauki hotunan 'yan uwa da abokai mu sa a Facebook ba.

Muka shiga mota sai Kano. A wani shago aka miƙo mana wata sabuwa fil a kwali, ba mu taɓa jin sunan kamfaninta ba, amma an rubuta megafiksel 48 ɓaro-ɓaro a jiki. Kusa da ita ga wata tsohuwar Canon ta hannu, duk ta goge, mai megafiksel 12. Ko kallo na biyu ba mu yi mata ba. Wa zai bar 48 ya ɗauki 12?

A Gwaram muka gane kurenmu. Kakarmu ba ta son hoto, ta sha korar jikoki a kan haka. Ranar Babbar Sallah, bayan doguwar magiya, ta gyara mayafi ta ce, "To ku yi sau ɗaya, ku ba ni wuri." A cikin ɗakinta ne, haske kaɗan. A ɗan allon kyamarar hoton ya yi kyau. Da muka buɗe shi a kwamfuta sai ga fuska ta dame kamar kunu.

Sai da muka shiga jami'a muka fahimci abin da ya faru. Megafiksel yawan ɗigogin hoto ne kawai. Kyan hoto yana ga gilashin gaban kyamara da kuma ɗan farantin ciki mai karɓar haske. In waɗannan na banza ne, ƙara ɗigogi ƙara ruwa ne a miyar da ba nama. Abin haushi ma, Facebook kan rage hoto zuwa fiksel 2048 a ɓangarensa mafi tsawo, wato megafiksel 3 da 'yan kai, WhatsApp kuma yakan matse shi in ba ka tura shi a matsayin fayil ba. Ashe 12 ɗin da muka raina ta yi mana yawa.

Muka sayar da ita da asara, muka sake tari, muka koma. Wannan karon da namu katin memori muka je, da ɗan abin karanta kati da ake sokawa a waya. Muka ɗauki hoto a lungun shagon inda ya fi duhu, muka juye a wayar wani yayanmu, muka buɗa idon mai shagon har muka ga gashin girarsa. Muka kunna muka kashe sau da yawa don mu ga ko gilashin na fita yana komawa ba gargada, domin ƙurar hunturu a nan take kashe irin waɗannan kyamarori. Muka tabbatar zum ɗinta na gilashi ne, saboda wanda ake kira dijital yanke hoton kawai yake yi ya kumbura shi.

Abu biyu muka kafe a kai, ƙannenmu, ku ma ku kafe. Katin ya zama SD, don wasu tsofaffin Sony da Olympus na cin nasu katin daban, nemansa wahala ne. Batir kuma muka zaɓi mai cin AA, irin na tocila ƙarama. Kun san halin wuta a garuruwanmu. Wannan ko a teburin mai kayan koli ka same shi.

A Dutsen Habude muka fara gwada ta, kan zanen shanun nan na mutanen dā da ke jikin dutse. Da filasha jan zanen ya kore. Da muka kashe ta, muka dafa gwiwar hannu a dutse, har ƙahonni suka fito.

Kaka ba ta ga wannan kyamarar ba, Allah ya yi mata rasuwa da damina. Wancan hoton shi kaɗai ne nata a gidan. Baba ya sa an wanko shi duk da haka, yana rataye a zaure. Baƙo kan tsaya ya daɗe yana kallo, sai ya gane carbin da ke hannunta sannan ya ce, "Allah ya jiƙan Hajiya."