Shekara Takwas a Ƙasa, Kurɓi Ɗaya a Baki

Taron da ya kai ni ƙasar Meziko na noman wuraren da ruwan sama ke yi wa rowa ne. Da aka tashi sai na samu rarar kwana biyu a birnin Wahaka, wanda mutanensa ke rubutawa Oaxaca. Wani abokin aiki ɗan ƙasar ya ce in har ina son ganin tsiron da ke ciyar da ƙauyuka ba tare da ban-ruwa ba, in bi motar da ke kai baƙi garin Santiago Matatlán. Bai ɓoye mini ba, ya ce barasa ake yi da shi, sunanta meskal. Ni ba na shan giya, addinina ya hana. Amma manomi ne ni ɗan manomi, duk abin da ya kwana a ƙasa shekara da shekaru ina son in ga girbinsa da idona.

Mu tara ne a motar. Uku Amurkawa ne daga jihar Kentaki, sai wata mata mai sana'ar haɗa abin sha a New York. Tun kafin mu wuce wata ƙatuwar bishiya da ke garin Tule suka shiga hirar burbon, barasar garinsu, kamar yadda masu kiwon dawaki ke hirar asalin ingarma. Daga bakinsu na ji cewa doka ba ta yarda a kira barasa burbon ba sai masara ta kai kashi 51 cikin 100 na hatsin da aka yi ta da shi, kuma sai ta kwanta a sabuwar gangar katako da aka babbake cikinta. Tun 1964 majalisar Amurka ta ayyana ta a matsayin kayan ƙasar. Ɗayansu ya ce burbon a ganga take tsufa, meskal kuwa a gona. Wannan maganar ta zauna mini.

Bayan garin Tlacolula sai tuddai suka cika da layuka na wani tsiro mai kama da kabar giwa, amma ya fi mutum faɗi, ganyensa tsaye kamar takubba. Shi ne agabe, mutanen wurin na ce masa magei. Irin da aka fi shukawa sunansa espadin, yana shekara bakwai zuwa takwas kafin ya nuna.

Wurin da muka sauka rumfa ce kawai ta kwano a bayan gida, irin wadda suke kira palenke. Mai wurin dattijo ne ɗan ƙabilar Zapotek, hannuwansa duk kanta. Ya fara kai mu bakin wani rami mai faɗi da aka jera duwatsu a ciki. A nan ake hura itace har duwatsun su yi ja, a tara kawunan agaben da aka sassabe wa ganye, a rufe da tabarmi da ƙasa, a bar su kwana uku zuwa biyar. Daga nan hayaƙin da mashaya ke yabo yake shiga. Sunan meskal ɗin ma daga harshen Nahuwatal ya fito, ma'anarsa dafaffen agabe. Dattijon ya yanko mini wani ɓangare mai ruwan ƙasa daga wanda aka tone da safe, ya ce wannan bai zama komai ba tukuna, abinci ne. Na tauna. Zaƙinsa tsakanin mazarƙwaila da gasasshen dankali, zarensa kamar na rake.

Gefe guda doki na zagaye da wani ƙaton dutse mai kama da taya yana murƙushe dafaffen agaben. Ana kwashe shi a zuba a manyan kwatarniyoyin katako a buɗe, a ƙara ruwa, a bar shi ya tashi da kansa, ba a sa masa yisti na kanti. Sai a tace tururinsa sau biyu a tukunyar tagulla. Dattijon ba ya buƙatar na'ura don sanin ƙarfin abin da ya fito. Da karan gora yake zuƙo shi ya sake shi cikin ƙoƙo, ya dubi girman kumfar da daɗewarta.

Da aka zo ɗanɗanawa na koma gefe na zauna, amma ban kau da kai ba. Gaskiya ban ga hayaniya ba. Kowa ya riƙe ɗan ƙoƙonsa yana shinshina, ya ɗan taɓa da leɓe, ya yi shiru. Suna cewa sumbatarsa ake yi, ba a kwankwaɗa. Tsakanin kurɓi da kurɓi suna tsotsar yankan lemu da aka barbaɗa wa gishiri mai haɗe da barkono da garin tsutsar agabe. Matar nan ta New York ta ba da labarin wani haɗi da aka ƙirƙiro a wata mashayar New York a 2007, na tekila, ita ma barasar agabe, da meskal da zumar agabe da ɓawon lemu, ta ce shi ya koya wa Amurkawa da yawa sunan Wahaka.

Sai aka fito da kwalbar da kowa ke jira, ta tepestate, agaben daji mai fitowa a jikin duwatsu. Suka yi ta yaba ƙamshinta. Ta bakin tafinta na ce, "Baba, shekara nawa wannan ya yi kafin a sare shi?" Ya ce yakan kai ashirin da biyar. Na ce, "To wa ya shuka shi?" Ya dube ni, ya ce, "Ɗana, ba wanda ya shuka shi. Da muna samunsa a bayan gari, yanzu sai mun yi tafiyar yini."

Nan hankalina ya tashi, domin na san ƙarshen irin wannan labarin. Agabe sau ɗaya yake fure a rayuwarsa: ya fitar da dogon kara, jemagu su zo shan zaƙin furen da dare su yaɗa barbarar, ya zubar da iri, ya mutu. Mai meskal kuwa sare karan yake yi tun yana ɗanye don zaƙin ya tsaya a cikin kan agaben. Wanda aka dafa bai bar iri ba ke nan. Tun da gwamnati ta ba meskal kariyar sunan asali a 1994 kasuwarsa ke buɗewa, ana share daji ana dasa espadin zalla, ana sare itatuwa don ramin gashi. Mutanen motarmu sun san sunan kowane irin agabe da ƙauyen da ya fito, amma ban ji ɗaya ya tambayi nawa aka dasa a madadin wanda ke cikin ƙoƙonsa ba. A ganina wanda ya iya bambance ƙamshin dutse da na hayaƙi bai da hanzarin rashin yin wannan tambayar kafin ya biya kuɗin kwalba.

Kafin mu tafi jikan dattijon ya ja ni bayan rumfa ya nuna mini ƙananan tsirran tepestate a cikin baƙaƙen ledoji, waɗanda ya tayar daga iri. Na ƙirga guda sittin da ɗaya. Yaron shekararsa goma sha huɗu, zai doshi arba'in kafin a sare na farko.