Tashar Tywyn, Inda Masoya Jirgi Suka Hana Shi Mutuwa

Tywyn ɗan ƙaramin gari ne a bakin teku, a yammacin yankin Wales na Birtaniya, mutanensa ba su wuce dubu uku da 'yan kai ba. A gefen garin akwai tashar jirgin ƙasa da ake kira Wharf, wadda in mutum bai lura ba zai wuce ta yana zaton gidan wani ne. Daga nan jirgin Talyllyn yake tashi, ya kutsa cikin kwari har tsawon kilomita 12 ba kaɗan, ya tsaya a Nant Gwernol, wurin da ko hanyar mota ba ta kai ba.

Abin da ya fara ba ni mamaki shi ne ƙanƙantar komai. Tsakanin ƙarfen dogo da ɗan'uwansa ƙafa 2 ne da inci 3 kacal, alhali tsohon layin da ya iso Kano a 1911 ƙafa 3 ne da inci 6. Kan jirgin kuwa, dogon mutum zai iya dafa bututun hayaƙinsa in ya yi ɗage. Amma da rai yake, yana huci, ruwa na ɗiga daga haƙarƙarinsa, tagullarsa na walƙiya. Na tsaya kusa da mai hura wuta ina kallo. Ya buɗe ƙofar murhu, zafi ya daki fuskata, ya ɗebo kwal rabin shebur ya watsa can kusurwar hagu, ya ƙara wani a dama, ya rufe. Ba ya jibga shi wuri guda. Daga nan ya duba wani siririn gilashi da ke nuna yawan ruwan tukunya, ya goge hannu da tsumma.

Dutse ne ya kawo jirgin nan, ba fasinja ba. A kan tsaunin da ke bayan ƙauyen Abergynolwyn akwai mahaƙar Bryn Eglwys, inda ake fasa wani baƙin dutse mai ɓarewa falle-falle, da shi Turawa suke rufin gidaje. Da yaƙin basasar Amurka ya yanke wa masaƙun Manchester auduga, wani mai masaƙa, William McConnel, ya juya kuɗinsa zuwa wannan dutse, ya shimfiɗa dogo a 1865 don a sauko da shi. A tashar Wharf ake sauke dutsen daga ƙananan taragu a loda wa babban jirgi, wanda layinsa har yau yake wucewa ta gindin tashar. A 1866 aka fara ɗaukar mutane.

Akwai wani abu da sai ka shiga tarago za ka gane: ƙofofi ta gefe ɗaya kawai suke buɗewa. Dalili kuwa, da sufeton gwamnati, Kyaftin Henry Tyler, ya zo duba layin kafin a ba shi izini, sai ya ga gadojin da jirgin zai bi ta ƙarƙashinsu sun yi matsi, wanda ya leƙo da kai zai iya gamuwa da bango. Maimakon a rushe gadoji, sai aka gusa dogon gefe guda, aka garƙame ƙofofin ɗaya ɓangaren. A haka ake tafiya har gobe, kuma duk tashoshin layin a gefe guda ake hawa da sauka.

Daga baya kasuwar dutse ta faɗi. Ɗan majalisar yankin, Sir Henry Haydn Jones, wanda ya sayi mahaƙar da layin, ya yi alkawarin jirgi ba zai tsaya ba muddin yana numfashi, kuma ya cika. An rufe mahaƙar a 1946, shi kuma ya rasu a 1950. A lokacin ciyawa ta cinye dogo, katakon ƙarƙashinsa ya ruɓe, kan jirgi guda ne tak yake motsi, mai suna Dolgoch, ƙirar 1866.

Nan ne labarin ya kama zuciyata. A watan Oktoban 1950 wani marubuci kuma injiniya, Tom Rolt, ya tara masu sha'awar jirgi a Birmingham, suka kafa ƙungiya, suka karɓi layin daga magada. Ran 14 ga Mayu 1951 jirginsu na farko ya tashi daga Wharf. Ba a taɓa yin haka ba a duniya, a ce talakawa sun riƙe layin dogo da guminsu ba tare da albashi ba. Aikin gayya ne, sai dai gayyar da aka yi shekara saba'in da ɗoriya ba a watse ba. Akwai 'yan ma'aikata masu albashi, amma yawancin waɗanda za ka gani, daga mai sayar da tikiti har mai ɗaga tuta, hutunsu suke kawowa kyauta. Dattijon da ya huda tikitina ya ce malamin makaranta ne da ya yi ritaya, kuma tun yana saurayi yake zuwa.

Tashar ba wurin jiran jirgi kaɗai ba ce. Akwai ɗakin shan shayi, da kantin tsaraba, da gidan tarihin ƙananan jiragen ƙasa inda aka tara kawunan jirage da allunan sunayensu. A sama an shirya ɗakin karatun Wilbert Awdry, limamin cocin nan da ya rubuta labaran jirage na yara, wanda shi ma ya yi aikin sa kai a layin a 1952. Abin da ya fi burge ni shi ne wasiƙa: tun 1957 layin yake buga kan sarkinsa, ka manna shi tare da na gidan waya, jirgin ya ɗauki wasiƙarka.

Tafiyar ba ta gaggawa ba ce, kusan awa guda zuwa ƙarshen layi, gudun bai wuce kilomita 24 a awa ba. Tumaki ko ɗaga kai ba sa yi. A tashar Dolgoch, bayan an haye doguwar gadar bulo, jirgin yakan tsaya ya sha ruwa, masu son ganin magangarar ruwa su sauka su bi dajin da ƙafa. Da yake layin ɗaya ne, direba ba ya shiga wani yanki sai an miƙa masa ƙarfen shaida na wannan yankin, kuma ba a fitar da biyu a lokaci guda. Ina kallo aka miƙa, ya karanta sunan da ke jiki da kyau kafin ya saki birki.

Ina zaune a tarago na tuna da ƙaramin jirgin da ya riƙa sauko da kuza daga Jos zuwa Zariya, wanda aka rufe a 1957, shekara shida bayan su Rolt sun ceto nasu. Shi ma siririn layi ne, shi ma ma'adini ya haife shi, kuma raina ya sosu da bai sami masu tsaya masa ba.

A 2021 UNESCO ta sa yankin dutsen rufi na arewa maso yammacin Wales cikin wuraren tarihi na duniya, har da wannan layi. Amma abin da ya fi kwantar mini da hankali game da gobensa na gan shi ne a Pendre, inda ake gyaran jirage: samari da 'yan mata cikin kayan aiki masu maiƙo, suna goge ƙafafun jirgi. Daga shara da guga ake farawa, sai an ƙware a kai ga shebur, kuma sai an yi shekaru a bakin murhu, an ci jarrabawa, kafin a ba mutum tuƙi.