Ranar da Na Kusa Goge Muryar Madugu

Bara, da sanyi ya fara shigowa, muka gayyato wani dattijo makarantarmu a nan Agadas don ya yi wa 'yan ajin CM2 hira. Kakan ɗaya daga cikin ɗalibaina ne, kuma a ƙuruciyarsa ya sha jagorantar ayarin raƙuma zuwa Fachi da Bilma. Su tafi da gero, su dawo da kantun gishiri da dabino. Ya ce da idonsa ya ga itaciyar nan tilo ta Tenere kafin mota ta kaɓe ta a 1973, wadda yanzu gangar jikinta ke ajiye a gidan tarihi na Yamai. Muka ce irin wannan hira bai kamata ta tafi a iska ba.

Iyayen yara suka yi karo-karo, muka ɗauko wani matashi mai babbar kyamara, irin wadda yake yi wa baƙin 'yan jarida aiki da ita. Ni na nace a kan babbar, don a ganina waya ba ta dace da darajar dattijon ba. Aka yi hira ta awa ɗaya da rabi, yara suka yi tsit. Da aka tashi, mai kyamara ya juye mini fayilolin a faifan ajiya, ya wuce wani biki, can ya share katinsa don ya samu wuri.

Da dare na buɗe kwamfutar makaranta don in fara tacewa. Manhajar ta karɓi fayil ɗin, murya na fita tangaram, amma allo baƙi ƙirin. Na gwada wata manhajar, ita kuma ta daskare. Mako uku ina fama. Ana cikin haka dattijon ya kwanta rashin lafiya, Allah Ya yi masa cikawa. Jikansa ya zo ya tsaya bakin tebur ya ce, “Mushe, mamata ta ce yaushe za mu ga Baba?” Na rasa amsa.

Na riga na yanke cewa fayilolin sun lalace, kuma sun cinye mini wuri fiye da giga 60. Ina shirin goge su sai ga wani tsohon ɗalibina da ke karatu a Jami'ar Agadas ya zo gaishe ni. Ya duba ya ce, “Mushe, kar ka taɓa su. Lafiyarsu lau, kwamfutar ce ba ta iya karanta su.”

Ga abin da ya koya mini, na kuma ga ya dace malamai da iyaye su sani. Sunan da ke ƙarshen fayil, kamar MP4 ko MOV, tamkar buhu ne. Buhu iri ɗaya yana iya ɗaukar gero, yana iya ɗaukar siminti. Abin da ke ciki shi ne hanyar da kyamara ta bi ta matse hoton. Tsohuwar hanya ita ce H.264, wadda ta fito a 2003, kuma kusan kowace na'ura ta san ta. Sabuwar ita ce H.265, ta 2013, wadda ke rage girman fayil sosai amma tana buƙatar na'ura mai ƙarfi kafin ta warware ta. Kwamfutarmu ta girmi wannan hanya. Ƙari a kan haka, an ɗauki hoton a 4K, wato ɗigo 3840 a kwance da 2160 a tsaye, ninki huɗu na 1920 da 1080 da aka saba. Mun ɗora wa jaki kayan raƙumi.

Maganin bai ci ko dala ba. Ya sauko da HandBrake, manhaja ce ta kyauta, ya sa ta juya fayilolin zuwa H.264 a 1080. Kwamfutar ta kwana tana nishi har asuba. Da safe na danna, sai ga dattijon da rawaninsa, yana nuna wa yara yadda ake bin taurari a cikin rairayi. Sai da na fita waje na share ido.

Ban ga laifin mai kyamara ba. Ya ba ni mafi kyawun abin da na'urarsa ke iyawa, ni ne ban san tambayar da zan yi ba. Yanzu duk lokacin da za a ɗauki wani taro a makarantarmu, abu uku nake yi. Kwana biyu kafin ranar, a ɗauki minti ɗaya na gwaji, a sa shi a kwamfutar da za a yi tacewa da ita, a gani ko zai buɗe. Sannan mu yi yarjejeniya tun farko cewa za a ba mu kwafi biyu, na asali da kuma mai sauƙi a H.264 wanda zai buɗe a wayar kowace uwa. Na uku, a kwafe katin gaba ɗaya da duk jakunkunan da ke cikinsa, don wasu kyamarori suna raba dogon ɗauka gida-gida, kuma ba a share kati sai mun kalli aikin daga farko har ƙarshe.

Iyaye, idan an zo muku da batun karo-karon ɗaukar bidiyo, ko na saukar Alƙur'ani ne ko na raba kyaututtuka, ku tambayi girman kyamara in kuna so, amma ku fara da tambayar a kan wace na'ura za a kalla. Dattawanmu da suka san hanyar Bilma suna ƙarewa ɗaya bayan ɗaya, kuma ba kowa ne zai dace da tsohon ɗalibi ya shigo a daidai lokacin da yatsansa ke kan maɓallin gogewa ba.

Iyalan marigayin sun kalli bidiyon ranar sadakar arba'in. Allah Ya jiƙansa da rahama, Ya sa ya huta.