Ɓarawon Da Ke Sata Yana Kwance

Wani tsohon wasa ne ya faɗo mini a rai a wannan wata, kuma na san in waɗanda muka yi shi tare suka ga wannan shafi za su gane kansu ko ban kira sunan kowa ba.

A shekarar 1995, ina ɗan lakwal, na tsinci wani littafi wajen masu baza tsofaffin littattafai a ƙasa kusa da babbar kasuwa ta Rood Woko. Lokacin nan an karya darajar sefa tun Janairun 1994, sabon littafi ya fi ƙarfin ɗan talaka, sai kwance. Bangonsa ya yage, na ɗauka labari ne. Da na kai gida na ga ashe dokokin wasa ne, sunansa Cyberpunk 2020, fassarar Faransanci. Wani baƙar fata ɗan Amurka, Mike Pondsmith, shi ya tsara shi, ya fito a 1990.

Wasan ba ya bukatar na'ura. Mutum ɗaya ne alƙali, shi ke ba da labarin wani birni na gaba inda manyan kamfanoni suka fi gwamnati ƙarfi. Sauran kowa ya ɗauki mutum guda a cikin labarin, a rubuta ƙarfinsa da wayonsa da lambobi a takarda. In ka ce za ka yi abu mai wuya, sai ka jefa ɗan ludo mai fuska goma, a haɗa da lambarka, a ga ko ka ci. Mu ina muka ga ɗan ludo mai fuska goma a Zangwatin? Sai muka ware karta daga ɗaya zuwa goma muna zara. Ranar da Baba ya same mu da karta a zaure bai tsaya jin bayani ba, ya ce caca a gidansa sai bayan ransa. Daga nan muka koma rumfar wani tela da muke kira Kawu, muka rubuta lambobi a cikin marafan kwalba goma, muna zuba su cikin hula.

Daga baya na ji ashe ba Baba kaɗai ya zargi irin wannan wasa ba. Ran 1 ga Maris 1990 jami'an asiri na Amurka sun shiga ofishin kamfanin Steve Jackson Games a garin Austin, suka kwashe kwamfutoci har da rubutun wani littafin wasa irin wannan da ba a kai ga bugawa ba. Sai a 1993 kotu ta ba kamfanin gaskiya. Baba dai karta kawai ya ƙwace.

Mu biyar ne, ni ne alƙali tun da ni ke da littafi. Ɗan mahauci ya ɗauki sojan haya, wani ya ɗauki likita, wani dillali. Ɗan mai goro, yaro mai shiru wanda ya fi mu duka lissafi, shi ya ɗauki mai kutse, wato wanda ke jona ƙwaƙwalwarsa da waya ya shiga cikin kwamfutar kamfani ya sato asiri. Ka tuna fa, ya mai karatu, a lokacin intanet ba ta iso wa jama'a a ƙasar nan ba sai 1997, kuma cikinmu babu wanda ya taɓa sa yatsa a kan kwamfuta.

To babin mai kutse shi ne ya fi kowane daɗi, shi ne kuma ya kusa raba mu. Kwamfutar kamfani ana zana ta a takarda mai gida-gida kamar birni mai ganuwa, da ƙofofi masu kalmar sirri, da ɗakunan ajiya. Littafin ma ya ba da shawara a ɗauki wasan cika kalmomi na jarida a mai da baƙaƙen gidajen su zama ganuwa, don haka na riƙa bin masu ƙosai ina roƙon tsofaffin jaridu. Mai kutse yana tafiya gida biyar a kowane zagaye. Na'urarsa tana da gurbi goma kacal, kowane makami kuma yana cin gurbi, dole ya zaɓa tun kafin ya shiga: guduma ta fasa ganuwa, ko mabuɗin ƙofa, ko garkuwa, ko rigar ɓata. In ya yi karo da mai gadi, sai a haɗa ƙarfin makaminsa da abin da ya zara daga hula, ni ma in zara wa kamfani, wanda ya fi yawa ya ci.

Masu gadin nan yawanci karnuka ne. Akwai wanda haushi kawai yake yi ya ta da gida. Akwai mai bin sawu har ya gano daga wane ɗaki ka bugo waya. Akwai mai tsinke maka layi. Sai babbansu, karen wuta, wanda in ya cim maka zai biyo waya ya tsai da zuciyarka kana kwance a kan tabarmarka. Irin waɗannan su ake kira baƙar ƙanƙara, sunan da littafin Neuromancer na William Gibson, na 1984, ya yaɗa a duniya. Har taswirar duniya akwai, wadda mai kutse ke tsalle daga birni zuwa birni don ya ɓad da sawu. Mun nemi Wagadugu ba mu gani ba, muka ɗiga ta da biro.

Ga inda gizo ke saƙar. A cikin labari, duk wannan yaƙi ƙiftawar ido ne. A rumfar Kawu kuwa sa'a guda ce cur, ni da ɗan mai goro kaɗai muna zara muna lissafi, mutum uku sun zuba tagumi. A sha shayi na farko, a sha na biyu, a sha na uku, sojan haya na nan tsaye a bakin ƙofar kamfani da bindiga, bai ko motsa ba. Ni kuwa, in faɗi gaskiya, daɗin abin ya rufe mini ido, don ni na zana birnin, ina so a ga gwanintata.

Wani dare da sanyi, bayan isha'i, ɗan mai goro ya yi sati uku yana shirin wani kutse. Ya wuce ganuwa biyu, ya kashe kare ɗaya, saura gida huɗu ya kai ɗakin ajiya. Sai ɗan mahauci ya miƙe ya ce, "Alƙali, mutumina ya koma gida, ya shiga ɗakin wannan, ya fizge wayar daga bango." Aka yi tsit. Na buɗe littafi na rufe, babu dokar da ta hana. Na ce ta tsinke. Ɗan mai goro bai ce uffan ba, ya ninke takardarsa ya sa a aljihu ya tafi. Sati uku ko a masallaci ya gan ni sai ya sauya sahu. Har yau ina ganin hukuncin daidai ne bisa littafi, kuma har yau ina jin kunyarsa.

Kawu ne ya gyara mu, shi da bai karanta ko layi ɗaya na littafin ba, amma ya ji komai yana bisa keken ɗinki. Ya ce da ni, "Kai yaro, wane irin ɓarawo ne wannan, 'yan uwansa na bakin daga shi yana kwance a ɗakin uwarsa? Ku fito da shi mana, a sha wuya tare." Na ce, "Kawu, haka littafi ya ce." Ya ce, "Mai littafin yana nan ne?"

Na rubuta sababbin dokoki a bayan kayena na lissafi. Mai kutse sai ya bi ayari da ƙafarsa, sai hannunsa ya taɓa wayar gidan da za a shiga. Hula kuma ta riƙa zagayawa kamar kofin shayi, kowa zara ɗaya, shi ma ɗaya. Na ɗauki kayen na kai masa har shagon babansa. Ya karanta, ya gyara mini kuskuren lissafi guda, ya ce zai zo. Abin mamaki, wasan ya fi da armashi, don yanzu yana fama da kare a cikin waya, ɗan mahauci na tsaye a kansa yana tare masa harsashi, kowa na ihu a yi sauri.

Mun yi ta yi har aure da neman abinci suka fara ɗauke mu ɗaya bayan ɗaya. A 2003 kasuwar da na sayi littafin ta ƙone, a shekarar kuma aka rushe Zangwatin da unguwannin da ke maƙwabtaka da ita saboda aikin ZACA. Wasu suka koma Waga 2000, wasu Niyoko, wasu suka bar ƙasar. Littafin da kayen sun ɓace a cikin kwashe kaya.

Shekarar 2020 da littafin ke hasashe ta zo ta wuce, babu wanda ya jona waya a ƙeyarsa, sai dai kowa na da ita a tafin hannu. A wannan shekarar aka fitar da sabon bugu mai suna Cyberpunk RED. Ɗana ne ya nuna mini babin kutse a wayarsa. Sun rushe tsohuwar taswirar duniya, sun ce mai kutse sai ya matso mita 6 kusa da inda zai jona, kuma a zagaye ɗaya yake wasa da sauran 'yan ayari. Na karanta sau biyu, na yi wa Kawu addu'a, Allah ya jiƙansa.

Na ɗauki hoton shafin na tura wa ɗan mai goro ta WhatsApp, yana Kumasi yana gyaran wayoyi. Bayan magariba ya aiko da murya. Ya ce mita 6 ta yi yawa, tamu ta taɓa waya da hannu ta fi. Sa'an nan ya ce in na ga ɗan mahauci in faɗa masa gida huɗu suka rage.