Kibiyar Kaka

'Yan'uwana 'yan mata, wa ke da kibiyar kitso tata ta kanta a cikinku? Ni dai ina da guda, ko da yake ban cancance ta ba.

A gidanmu na Ƙofar Kaura, duk yammacin Alhamis Kaka kan dasa kaina tsakanin gwiwoyinta, ta zaro kibiyar ƙarfe daga cikin gashinta. Da ita take tsifa, da ita take tsaga, da ita take sosa kai, in na cika mutsu-mutsu kuma in sha ƙwanƙwasa da gindinta. Maƙeri ne ya ƙera mata lokacin aurenta, zamanin da ake yayin doka. Ta ce iyayensu da ƙayar beguwa suke tsaga.

Da na shiga sakandare na ga ribom da fin na kanti masu ƙyalli a kan ƙawaye, sai na ce, "Haba Kaka, wannan tsinken ai ya tsufa!" Ta yi murmushi kawai ta ce, "Kishiya ke nan."

Ranar rabon kayanta, Allah ya jiƙanta, kowa ya nufi zannuwa da tasoshi. Ni kibiyar na ɗauka. Wallahi har yau in na shinshina ta sai in ji kamar man shanu, ga shi ko kalaba ban tsaya na koya a wurinta ba.