Allon da ba rubutu

A Magarya da Dungas, in aka ce allo, hankali yakan tafi makarantar malam. Amma akwai wani allon da samari masu gyaran rediyo da sola ke haɗawa a rumfunansu: ɗan falle mai fuskar jan ƙarfe, a zana masa hanyoyin wuta, a tsoma shi a ruwan magani mai cin ƙarfe, sannan a liƙa masa da dalma ƴan kayan da aka sayo daga Kano ko aka ciro daga matattun rediyoyi. Daga Agustan 2023 zuwa Maris na 2024, lokacin da Najeriya ta yanke wutar da take sayar wa Nijar, na ga cinikinsu ya bunƙasa.

Abin da ke damuna, ni da alli ne sana'ata, shi ne galibin allunan nan ba su da ko harafi ɗaya. Ilimin yana cikin kan maƙerin. Ran da ya tafi cirani Legas ko Aljeriya, na'urar ta zama marainiya. Wanda ya gaje ta sai lalube. Lalube kuwa a nan yana da tsada, domin akwai kayan da in aka juya musu ƙafa sai su fashe, kuma wajen shigar bolt 12 na batir ba ya nesa da wajen fitar 220.

Wani tsohon ɗalibina ya fara buga wa nasa rubutu. Yakan fitar da shi da firinta mai garin tawada a kan takarda mai sheƙi, a juye kamar a madubi, ya kifa ta a kan allon, ya danne da dutsen guga mai zafi, ya jiƙa takardar ya murje ta da yatsa. Baƙin sai ya zauna.

Da wane harshe? R1 da C2 ba su da gardama, Faransanci da Ingilishi sun yi tarayya a kansu. Sauran fa? Shi ya koyi « entrée » da « sortie » a ajina, kayan Kano na zuwa da Ingilishi, matar da za ta ɗaura batir da magariba kuwa ba ta san ko ɗaya ba. Na ba shi shawarar « shiga », « fita », « batir », « hattara ». Ya yarda, sai dai haruffan kwamfutar da yake bugawa ba su da ƙugiya, ga shi kusa da maɓalli ya rubuta « kara », wato na dawa, a maimakon « ƙara ». Tun 1999 gwamnati ta tsaida ƙa'idar rubutun Hausa a Nijar, amma ba ta iso rumfarsa ba. Yanzu da allura yake ƙarasa ƙugiyar bayan guga. Wani dattijo na Dungas kuma ya ce nasa allon a yi masa da ajami.