Tulun Fure Da Jajibirin Sallah

Shekaru uku da suka wuce, ranar jajibirin ƙaramar Sallah, na bar takardun jarrabawar ɗalibaina a kan teburin falo na fita sallar la'asar. Kafin in dawo, uwargida ta cika wani dogon tulun gilashi da ruwa, ta jera furanni a ciki, ta ɗora shi kusa da takardun. Autanmu, wanda a lokacin yake koyon tafiya, ya kama gefen mayafin teburin ya ja. Na tarar da tawada tana narkewa a kan amsoshin yaran mutane. Daren nan, sa'ad da maƙwabta ke karɓo ɗinki, ni ina shanya takardu ɗaya bayan ɗaya a ƙarƙashin fanka. Uku daga cikinsu da ƙyar suka karantu, kuma sai da na tsaya gaban shugaban sashenmu na yi bayanin da ba na fatan in sake yin irinsa.

Da farko cewa na yi a kwashe tulunan gaba ɗaya. Uwargida ta dube ni ta ce, "Malam, laifin tulu ne, ko na wanda ya mai da falo ofis?" Ban sami amsa ba. Ado ba baƙon abu ba ne a gidan Bahaushe. Na tashi ina ganin jeren kwanuka da tasoshin mahaifiyata, ana sauke su a goge duk Sallah. Sai dai jere busasshen ado ne, ba ya zuba. A nan muka samo bakin zaren: tulun zai zauna, ruwan ne zai tafi.

Ruwan yana da wani aibi da ya fi jiƙa takarda. Sauron da ke yaɗa zazzaɓin shawara da na dengi, wanda masana ke kira Aedes aegypti, ya fi son ruwa mai tsabta da ke zaune a mazubi cikin gida. Yana manna ƙwansa a jikin mazubin, kuma kwana 7 zuwa 10 sun ishe shi ya zama sauro mai cizo. Adon Sallah kuwa yakan wuce mako biyu ba wanda ya taɓa shi. Shi ya sa a Singafo jami'ai ke shiga gidaje suna duba irin waɗannan mazubai, har da cin tara.

Yanzu yashi ne tushen aikinmu. Muna wanke shi, mu shanya ya bushe sarai, mu tankaɗe da rariya, domin yashi mai danshi yana sa gilashi ya yi gumi ya dusashe. Sai a ɗora tulun a kan babban tire, a naɗe tsohuwar jarida ta zama mazurari (ina roƙon edita gafara), a zuba ta ciki har kashi ɗaya bisa uku. Abin da ya kauce, tiren zai tare. Nauyin yashin nan ne ke hana tulu kifewa ko da yaro ya ture shi. Daga nan a kafa gwangwani ko kwalin da aka naɗe a tsakiya, a soka zangarniyar dawa ko busasshiyar ciyawa a ciki, abin adon kuma ya cike ratar da ke tsakaninsa da gilashin. Da wannan dabara abin da bai kai mudu ba sai ya cika tulu har baki.

Abin adon ma ba sai an je kanti ba. Goriba tana da launin jan ƙasa mai sheƙi, tana daɗewa ba ta lalace ba. A karkata tulun a gangara ta a hankali, don idan aka jefa ta tana iya tsaga gilashi. Busasshen zoɓo yana ba da ja mai duhu, kanumfari kaɗan yana ba da ƙamshi. Gero da wake da shinkafa na hana: suna kiran ƙwari da ɓera, kuma a wannan tsadar ban ga fuskar da zan kalli almajiri da ita ba alhali abinci na zaune a gilashi don kallo. Garin ƙyalƙyali na roba shi ma ba ya shiga gidana, don ya fi wata yana bin darduma da tuwo. Tarayyar Turai ta hana sayar da irinsa tun Oktoban 2023. Ƙananan duwatsun ado kuwa, muddin akwai mai rarrafe, sai a saman kabad.

Uwargida ba ta haƙura da ɗanyen fure ba, kuma ta yi gaskiya, busasshe ba ya kama ƙafarsa. Muka daidaita a kan ƙaramar kwalba da ake binnewa cikin yashin, ana zaro ta a wanke a sake ruwa duk bayan kwana biyu.

Bana mahaifiyata ta zo mana yawon Sallah. Ta daɗe tana kallon tulun, sannan ta ce, "Yanzu goriba ce kuka ɗaure a gilashi?" Ta zura hannu ta zaro ɗaya, ta miƙa wa autan.